Ranar da Aka Yi wa Tumakin Ata Aski

Tun da sassafe allurar ma'aunin iska ta fara sauka, kuma ta ƙi tsayawa. Shekara tara ina aiki a 'yar tashar duba yanayi da ke gindin dutsen garinmu, a yankin Narin, na san abin da irin wannan saukar take jawowa. Ƙarfe bakwai na kira babban ofishinmu na birni, suka ce haka ne: iskar sanyi ta taso daga arewa maso yamma tana ture ta ɗumi a gabanta, kafin la'asar za ta tsallako duwatsu. Ruwa zai fara zuwa, sanyi na biye da shi.

Ranar ce surukina ya sa gayyar askin tumaki na kaka, kuma tunkiyar da aka kwashe wa gashi, in ruwan sanyi ya dake ta iska ta bi ta kai, ba ta kwana. Can sama a makiyaya waya ba ta kamawa. Na bar wa abokiyar aikina tashar, na hau doki.

Abin haushi, garin ya yi daɗi kamar da gangan. Iska mai ɗumi daga kudu, har na tuɓe rigar sanyi a hanya. Haka take yi kullum kafin ta juya, munafuka. Sama dai ba ta ɓoye ba: siraran gizagizai kamar jelar doki, rana kuma da zobe kewaye da ita.

Awa biyu na yi kafin na isa. Maza goma sha biyu a durƙushe, almakashi na ta ƙas-ƙas, an riga an gama talatin. Tumaki ɗari da sittin ne, kuma su ne duk abin da gidan ya mallaka. Uban mijina, wanda muke kira Ata, wato baba da harshenmu, yana zaune kan sirdi a ƙasa yana nuna ta gaba da bulala. Sunansa ba zai fito daga bakina ba ko a nan. Matar ɗa ba ta tsoma wa suruki baki gaban maza. In tana da magana, ta bakin mijinta za ta bi.

Na ja mijina Kubat bayan tantin da ake kwana a ciki lokacin kiwo.

"Ka ce a tsaya, yanzu-yanzu. Ruwa na zuwa kafin la'asar, bayansa sanyin da zai daskarar da ruwa a bokiti."

Ya ɗaga kai ya dubi sama, gumi na bin wuyansa. "Haba Burul, a wannan ranar? Mutane sun bar ayyukansu sun hawo dutse, an yanka rago..."

"Kubat, don girman Allah!"

Ya tafi yana jan ƙafa. Ina jinsa daga inda nake. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ata, wai 'yan tasha sun ce mai yiwuwa a ɗan yi yayyafi da yamma."

Yayyafi! Ni na ce masa yayyafi?

Maƙwabcinmu Jolchu, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi, ya ɗago. "Kai Kubat, uwar gida ce ta aiko ka? Bara ma sun ce ƙanƙara ranar bikin 'yata, muka sha rana har hancina ya saɓule!"

Aka kwashe da dariya. Kuma gaskiya ya faɗa, bara mun kuskure, shi ya fi ci mini rai. Ata ya juya fuska ya ji iska a kumatunsa. "Ta kudu ce," in ji shi. "A ci gaba."

Na ruga wurin surukata, wadda muke kira Apa, wato mama, tana suyar burodi a kasko. "Apa, ke ki gaya masa, zai ji naki."

"Kelin," ta ce, don haka ake kiran matar ɗa a wurinmu, "shekara arba'in ban taɓa tsayar masa da gayya ba. Ɗauki buta ki kai musu shayi."

Na kai. Wallahi na kai. Ina zuba wa mutane shayi da hannu biyu, kaina a sunkuye, ina kallon tumaki suna fita tsirara ɗaya bayan ɗaya, fatarsu ja-ja. Sittin. Tamanin. Har yau in na tuna da butar nan sai in ji kamar in mari kaina.

Bayan azahar iska ta ɗauke ɗif. Na dubi yamma, na ga baƙin hadari ya tsaya bisa duwatsu kamar katanga. An aske ɗari da goma. Na saki butar, na ratsa tsakiyar maza, na fizge almakashi daga hannun Jolchu.

"Ata, a tsaya! Tumakinka za su mutu yau!"

Ata bai dube ni ba. Ya ce da ɗansa, "Mayar da ita tanti." Kubat bai kai ga hannuna ba iskar ta juyo daga arewa, ta ɗauke hular Ata, ta watsa tarin gashin da aka aske har cikin kwari.

Sai ruwa, mai sanyi kamar ana watsa mana tsakuwa. Askakkun suka dunƙule wuri ɗaya suna rawar jiki suna kuka. Kora su gari ba zai yiwu ba, rafin hanya ya riga ya cika. Muka watso katifu da tukwane waje, muka tura su cikin tanti. Arba'in ya ɗauka, ba ƙari. Sauran muka bi su da barguna, da shimfiɗun sirdi, da rigunanmu. Apa ta ɗauko dardumar ulun da ta zo da ita gidan miji ta yanka ta gida huɗu. Jolchu kuwa yana tsince jiƙaƙƙen gashi daga laka yana ɗaura wa tumaki da igiya, yana kuka kamar yaro. Gashin na zamewa, yana sake ɗaurawa.

Can da la'asar sakaliya ruwan ya tsaya. Yamma ta washe, shuɗi tas. Wani ya ɗaga hannu ya ce, "Alhamdu lillahi, ya wuce!"

Ata bai dubi sama ba. Ya tako har gabana, kansa ba hula, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Kelin, ya wuce?"

"Ruwan ne ya wuce, Ata. Hadarin nan shi ne bargonmu. Yanzu da ya yaye, sanyin zai sauko. Kafin gari ya waye ƙasa za ta daskare."

"Na waje fa?"

Muka juya muka dubi tumakin da ke waje. Kusan ashirin sun riga sun kwanta a laka, kuma sun daina rawar jiki. Ata ya shiga cikinsu a hankali yana taɓa kunnuwansu, ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya kan wata tsohuwar tunkiya, ya daɗe a durƙushe, sannan ya juya ta ta fuskanci alƙibla.

"Kubat, kawo wuƙaƙe. Duka. Kada su zama mushe a hannunmu."

Ni aka ba riƙon ƙafafu. Ba a ma buƙace ni ba, don ko shure-shure ba su yi.