Yatsun Hindu a Jikin Bango

Damina biyu ke nan bangon ɗakin marigayiya Hindu yana tsagewa, magini kuma ya ce ba zai ga ta uku ba. A jikin bangon ne Hindu ta yi zane da yatsunta tun tana amarya, lokacin da yaɓe yake ɗanye. Shi ya sa 'yarta Iklima ta aro majigi da kyamara a Aliero, inda take karatu, ta taho Gumbin Kure don ta kwashe siffar zanen cikin kwamfuta tun bango yana tsaye.

Mahaifinta Malam Hashim manomin albasa ne, irin dattijan nan da ko kunyar gona ce ta kauce sai sun sake ta. Da hantsi ya taya ta toshe ƙofa da taga da buhuna har ɗakin ya yi duhu, sannan ya zauna a turmi yana kallo. Aikin ba wuya a baki: majigi ya zuba wa bango layuka farare da baƙaƙe, kyamara ta duba yadda kowane layi ya lanƙwasa a tudu da kwari, kwamfuta ta haɗa siffar.

Hoton farko ya fito sumul, a miƙe sambal. Malam Hashim ya washe baki.

"Madalla! Injin ga ya san mutunci."

Iklima kuwa zuciyarta ta karye. Majigin zamani akwai shisshigi: da ya ga bango a karkace, sai ya miƙe hoton da kansa ba wanda ya sa shi. Haskensa kuma ya yi yawa, ya wanke ƙananan ramukan tas.

"Baba, wanga ba bangon Inna ba na," ta ce.

Ta shiga saitin majigin ta kashe abin da ke gyara karkata. Ta rage haske kaɗan-kaɗan, ta murɗa idonsa har bakin kowane layi ya fito rangaɗau, ta sa tubali ta tokare ƙafarsa don kada ya motsa.

"Ke ɗiyar ga, mi kika yi haka? So kike mutanen Aliero su ce uwakki ba ta iya zane ba?"

"Yadda ta bar shi nika so, Baba."

Ya yi tsaki, amma bai tashi ba.

Ta sake kunnawa. Layuka suka bi bango suna hawa suna gangarawa. A hankali siffar ta bayyana a kwamfuta: sawun yatsu huɗu a jere, zurfinsu, har inda farce ya karci laka. Iklima ta ji kewar uwarta.

Malam Hashim ya matso ya ƙura ido. Can wajen kusurwa, zanen ya kauce ya yi wata muguwar lanƙwasa. Ya daɗe yana dubanta, sai ya yi 'yar dariya, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Nan ni na zungure ta a gwiwar hannu, ina tsokana. Ta biyo ni da laka hat tsakar gida." Ya goge fuska da hannun riga. "Kin tabbata kin kashe abin gyaran nan?"

"Na kashe, Baba."

"To kar ki kuskura ki kunna shi."