Titin da Ke Shan Ruwa

Tun ranar da muka zuba kankaren layin asibiti ake yi mini dariya. Kankare ne mai ƙananan ƙofofi: tsakuwa da siminti, babu yashi, don ruwan sama ya nutse ta ciki maimakon ya kwanta. Direbobi suka sa masa suna titin soso. A ofis kuwa, ni kaɗai ce mace injiniya, abokan aikina suka ce damina ɗaya za ta cinye shi. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, titina yana nan yana shanye ruwansa.

Sai bana shugaban sashenmu ya kira ni, ya tura mini hoto a waya. Ruwa ne kwance a tsakiyar layin.

"Soson naki ya ƙoshi," in ji shi. "Ranar duba aiki in na tarar da haka, za a fasa shi a zuba kwalta."

Na gane wurin. Ƙofar gidan kawuna ce, tsohon magini, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar babana. Na je na durƙusa na shafa titin. Sumul, kamar daɓen ɗaki. An bi ƙofofin nan da ruwan siminti an toshe su tas.

Kawu ya fito yana murmushi.

"Kin gani, 'yar nan? Ban so ki sani ba."

"Kawu, ku ne kuka yi wannan?"

"To wa zai yi? Kullum in na zauna nan sai in ji ana cewa aikin 'yarka duk ramuka. Yaranki ne suka cuce ki, ba su shafe ba. Na ce ina raye ba za a kunyata ki a ƙofar gidana ba."

Na zo da faɗa cike da bakina. Sai idona ya faɗa kan gwiwoyinsa, waɗanda ko sallah a zaune yake yi saboda su. Da su ya rarrafa ya shafe wurin nan. Na haɗiye faɗan.

Na ɗebo ruwa a buta, na zuba a inda bai taɓa ba. Ya ɓace nan take. Na zuba a kan shafensa, ya tsaya yana kallonmu.

Kawu ya ƙura wa ruwan ido.

"Wato ramukan su ne aikin?"

"Su ne, Kawu."

"Ikon Allah. Yanzu sai a kankare kankaren ke nan."

Dariya ta ƙwace mini, har da hawaye.

Na ari injin gurza, na yini ina bi a hankali, hannuna ya yi kanta. Kawu ya ƙi komawa ciki, yana zaune yana korar masu tsayawa kallo.

Ranar dubawa shugaba ya sa aka juye gangar ruwa guda a wurin. Ruwan ya ɗan yi jinkiri, sannan ya nutse. Ya taɓe baki.

"Ba za a fasa ba. Amma za mu ƙara masa damina ɗaya mu gani."

"Ranka ya daɗe," na ce, "ku ƙara masa duk daminar da kuke so."