Haƙorin Barsu

A shekarar da mahaukacin kare ya ciji mai kiwon dokin kumandan, Baturen mulki a Dogon Dutsi, har mutumin ya mutu, doka ta fito cewa duk karen da aka gani yana dalalar miyau a kashe shi. Bature in ya tsorata, sai ƙasa duka ta taya shi. Gardawansa, wato dogaransa, suka bazu ƙauye-ƙauye, kowane maigari kuwa ya san wuyansa ne a ciki.

Jatau maharbin Dumega yana da kare guda, Barsu, tare suka tsufa a daji. Ba mata, ba ɗa. In ka ji Jatau yana hira a gida, to da Barsu yake. Tun kaka karen ya fasa haƙorin turmi a ƙashin raƙumi, ƙashin da Jatau ya jefa masa da hannunsa. Ya ga yana tauna da gefe ɗaya, ya ce zai warke, don wa ya taɓa jin an yi jinyar haƙorin kare? Kafin rani ya raba, kunci ya kumbura, baki ya yi wari, miyau yana zuba ba tsayawa. Tuwo sai an dama masa, ruwa ma sai wanda ya sha rana.

Da labarin dokar ya iso, Jatau ya ruga wurin Inusa wanzami, wanda ya cire wa rabin garin haƙora. Inusa ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tambaye shi, in ƙarfensa ya shiga bakin kare, wane musulmi ne zai sake buɗe masa baki? Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ba ta tsinana wa Jatau komai ba. Ado maƙeri ya ara masa awartaki, amma ya ce shi ba zai riƙe kan ba. Jatau ya gwada shi kaɗai. Awartakin ƙira ya fi ƙarfin bakin, karen ya yi wani kuka irin na mutum, Jatau ya saki awartakin. Ya koma wanke masa baki da ruwan bagaruwa, ya san aikin banza yake yi.

Ran da gardi ya zo, ba a san wanda ya kai tsegumi ba. Aka kira Jatau ƙofar maigari, shi da karensa, jama'a suka tsaya nesa-nesa.

"Ranka shi daɗe, haƙori ka damunai, ba hauka ba," in ji Jatau. "Mahaukacin kare ba shi shan ruwa. A ba shi ruwa ku gani."

Maigari ya ci naman dajin Jatau ba adadi, shi ma yana son abin ya yiwu. Ya sa a kawo ruwa. Mutanen gidansa, saboda karamci, suka ɗebo daga randar da ke binne a yashi. Sai da ƙwaryar ta shiga hannun Jatau ya ji sanyinta. Ya so ya ce a bar ruwan ya sha rana, amma gardi ya zuba masa ido, kuma ya san duk abin da ya ƙara yanzu za a ce dabara ce. Ya juye a kasko, ya ajiye.

Barsu yana jin ƙishi, ya kafa baki. Da sanyin ya taɓa haƙorin sai ya yi ƙara, ya ja da baya yana girgiza kai, ya ture kaskon. Jama'a suka watse da gudu. Jatau ya buɗe baki zai yi bayani, ya ga ba wanda ya rage kusa da zai ji shi. Maigari ma ya sunkuyar da kai.

Gardi ya ce ba a ɓata harsashin Bature a kan kare, a kawo kulake. Jatau ya durƙusa ya roƙi a bar shi ya yi da kansa, a bayan gari. Aka yarda, gardi zai bi shi ya shaida.

Jatau ya shiga gida ya ɗauko baka da kwari. Rabon Barsu da ganin bakan nan tun kafin ciwon ya kwantar da shi. Yana ganinsa ya miƙe tsaye, kunci a kumbure, wutsiya tana kaɗawa, ya wuce gaba da sauri ya kama hanyar daji, yana waiwayen Jatau don ya ɗaga ƙafa.