Kwalbar da Ba a Buɗe Ba

Shekara goma sha ɗaya Darlene Pruitt ta yi tana fiɗar kaji a masana'anta kafin ta ce ta gaji, ta shiga makarantar koyon aikin kantin magani. Karatun bai ba ta wuya ba. Abin da ya kusa kai ta ƙasa shi ne sharaɗin ƙarshe: awa ɗari da sittin a kanti, tana aiki kamar kowa, ba ko sisi. Makaranta na kiran wannan samun gogewa. Wanda ya raɗa sunan dai da alama bai taɓa yin wata guda ba albashi da 'ya'ya biyu a wuyansa ba.

Shugabarta a masana'anta ta ba ta mako huɗu, ta kuma gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa in ba ta gan ta ranar Litinin ba, za ta ba wani gurbinta. Darlene kuwa ba ta isa ta saki kajin ba sai ta sami lasisi a hannu.

Yau Juma'a, ranar ƙarshe. Takardar shaidarta na kan teburin Mista Gentry, mai haɗa magani kuma mai kantin, sa hannunsa kawai take jira.

"Mai aikin lada, yau za a 'yanta ki ko?" in ji Shonda, wadda ta shekara tara a kantin tana wannan aikin da albashinta. "To kafin ki gudu goge mana kantar can. Daga Litinin wa zai yi mana bauta kyauta?"

"Ke da kanki, ranki ya daɗe. Hannun naki ba ado ba ne."

Darlene tana dariya ta ɗauki tsumma. A kantin, duk wanda ya fasa sabuwar kwalba sai ya ja mata gicciye a jiki, don kada wani ya zo ya fasa ta biyu. Darlene da koren biro take jan nata, ita kaɗai ke da shi. Ta kai kan maganin hawan jini, ta ɗaga kwalbar miligiram goma, sai ta ga murfinta na nan da ledarsa, ba wanda ya taɓa ta. Ta kusa da ita, mai miligiram ɗari, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, ita ce ke ɗauke da koren gicciye.

Da safe ita ta ƙirga wa wani tsoho, Mista Tate, ƙwaya talatin, biyar-biyar a kan faranti, kuma na goma likita ya rubuta masa. Na'urar da ke tantance kwalabe ta lalace tun Laraba. Mista Gentry ya duba, amma da waya maƙale a kunnensa ya duba. Tsohon ya karɓi kayansa tun ƙarfe goma sha ɗaya ya tafi gida.

Dokar makaranta ta san ta sarai: ɗalibin da kuskurensa ya kai hannun majinyaci, sai ya sake awannin daga farko.

Ta shige ban-ɗaki ta kulle ƙofa, ta zauna. Ba wanda ya gani. In ta tura kwalbar baya ta yi shiru, nan da awa guda tana waje da takardarta. Ta yi wannan tunanin sosai, ba sau ɗaya ba, kuma ba ta ji kunyarsa ba sai daga baya. Tsoro ne ya cika ta, tsoron 'ya'yanta da tsoron dattijo ɗan shekara tamanin da zai haɗiyi ninki goma na maganinsa.

"Darlene, zo in sallame ki," Mista Gentry ya kira daga waje.

Ta tarar ya riga ya cire murfin biro. Ta ajiye kwalaben biyu a gabansa.

"Yallaɓai, na Mista Tate. Daga wannan na zuba."

Ya kalli gicciyen, ya kalli ledar, ya ajiye biro ya jawo waya. Sai a kira na uku matar tsohon ta ɗauka. Bai sha ba tukuna, in ji ta, sai ya ci abincin yamma yake sha. Mista Gentry ya ce ta ɓoye kwalbar, ga shi nan zuwa da kansa.

"Laifin har da ni, ni na duba," ya ce yana neman makullin mota. "Sunana zai shiga rahoto. Naki ma dole ya shiga."

"Yallaɓai, saura minti arba'in fa awannina su cika. Don Allah."

"Na sani. Ba zan iya sa hannu ba. Amma kin burge ni, ki dawo Litinin ƙarfe tara mu sake, zan karɓe ki."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, shi a ganinsa alheri ya yi mata.

Darlene ta ce ta gode. Ta fita bayan kanti ta jingina da bango, ta daɗe da waya a hannu kafin ta kira shugabarta.

"Malama likita," matar ta ce cikin raha. "An gama? Mu sa ran ganinki Litinin?"

"Ina nan zuwa," in ji Darlene. "Ki ajiye min wuƙata."