Tantabarar da Ta Sauka a Sunderland

Tantabara ba ta san gabar garuruwa ba, shi ya sa ta Wilf Hedley ta je ta sauka a Sunderland.

Ita kaɗai ta rage masa. Da matarsa Edna ta rasu a ƙarshen hunturu, ya rabar da sauran talatin da ɗaya, ya bar wannan shuɗiyar da Edna ta raina da hannunta tun tana 'yar tsako, ta sa mata suna Peggy. Ranar Talata hadari ya taso daga teku ya yi gaba da ita. Ranar Juma'a da yamma waya ta yi ƙara.

"Sunana Doreen Snaith," in ji wata mata. "Na karanta lambarka a zoben ƙafar tantabararka da ta sauko shan ruwa. Ina kai hannu ta tashi. Tana kan rufin gidana, ta ƙi cin komai."

"Ina ne gidan?"

"Southwick, nan Sunderland."

Wilf ya san tsohuwar gabar ƙwallo da ke tsakanin garinsa da Sunderland. Shekararsa saba'in da huɗu a Newcastle, mil goma sha biyu ne tsakani, amma sau uku kacal ya taɓa taka garin can, biyu daga ciki kallon ƙwallo ne, da 'yan sanda gaba da baya.

Akwai abin da bai gaya wa matar ba. Peggy ba ta sauka a kafaɗar kowa sai mai riga guda: tsohuwar rigar ƙwallonsa ta Newcastle mai ratsin baƙi da fari, wadda Edna take ɗorawa a kan kayanta in za ta shiga ɗakin tantabaru. Shekara shida tana haka. Wataƙila a idon tsuntsuwa, rigar ce Edna. Wilf bai wanke ta ba tun jana'iza.

Da hantsin Asabar ya saka rigar, ya ɗora babbar kwat, ya ɓalla maɓalli har wuya, ya ɗauki kwando da gwangwanin hatsi ya hau jirgin ƙasa. Bai tuna cewa ranar wasa ce ba sai da ya sauka. Ko'ina ja da fari, launin ƙungiyar Sunderland: a wuyan mutane, a tagogi, har da wani kare an sa masa.

Doreen gajeriyar tsohuwa ce, tana tsaye a ƙofa da sanda. Ta nuna masa sama. Ga Peggy can jikin bututun hayaƙi, ta takure, gashinta ya tashi.

Wilf ya kaɗa gwangwani. "Zo, yarinyata. Zo mana." Tsuntsuwar ta karkata kai ta dube shi, ba ta motsa ba. Ya yi ta kaɗawa har hannunsa ya gaji. A bakin layin akwai mashaya, maza wajen goma suna tsaye da kofuna suna jiran lokacin tafiya filin wasa.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri da abin da za ki gani," in ji Wilf. Ya ɓalle kwat ɗin ya ajiye a ƙasa.

"Innalillahi," in ji Doreen. "A layina? Yau?"

Ya gaya mata dalili a taƙaice. Ta dubi rigar, ta dubi tabon kashin tantabara a kafaɗa.

Peggy ta miƙe. Ta taho gefen rufi da ɗan gudu, ta sauko kan magudanar ruwa, ta buɗe fukafukai.

"Kai jama'a, ga hankaka!" wani ya yi ihu daga mashaya.

"Tsoho, ɓatan hanya ka yi ko neman mutuwa?"

"Cire tsumman nan, ana cin abinci a unguwar nan!"

Wilf bai juya ba. Ya miƙa hannu. "Saura kaɗan, yarinyata."

Gwangwanin giya ya taho ta sama. Bai ma same shi ba. Bangon gidan ya doka, daidai ƙarƙashin magudanar. Peggy ta yi fir ta tashi, ta zagaya layin sau ɗaya, sannan ta miƙe gabas, wajen teku, inda babu rufin kowa.

Doreen ta taka har bakin mashayar da sandarta. "Kai ne, Terence Mawson? Ni na riƙe ka ranar da aka raɗa maka suna, ƙaton banza! Shekararka arba'in da biyar, ka rasa abokin faɗa sai tsuntsu?"

"Wallahi Inna, ban ga tsuntsu ba. Riga na gani."

"Ita ma rigar ta gani."

Suka jira har la'asar. Daga nesa ana jin rurin filin wasa yana tashi yana kwanciya. Ta kawo masa shayi, ya huce a hannunsa.

"Ba ta ci komai ba kwana huɗu," in ji shi. "Ba za ta kai gida ba. In ta juyo, nan za ta juyo."

"To bar min rigar."

Ya dube ta. Mijinta marigayi, ta ce, ko farantin baƙi da fari bai yarda ya shigo gidan ba. Duk da haka ta karɓa, ta shanya ta a igiyar gaban gida inda kowa zai gani, ta zuba hatsi a ƙasa. Wilf ya koma Newcastle da kwat a kan singileti da kwando babu komai.

An jefa wa tagar Doreen ƙwai sau biyu a makon. Rana ta uku Terence ya zo ya wanke gilashin. Ruwan sama ya yi ta dukan rigar har tabon kafaɗa ya fita.

Kullum ƙarfe shida takan kira shi.

"Ba ta zo ba, Wilf."

"To. Na gode."

"In sauke rigar?"

"Bar ta zuwa gobe."