Binnen Malam Sale

Tururuwa Hassana ta fara gani, a jere, kowace da ƙwayar gero a baki, suna fitowa daga ramukan shukar mahaifinta.

Mako uku ke nan da Malam Sale ya yi binne a gonarsa ta Lahodu, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa don ruwan farko ya tarar da shi. Haka ya ga ubansa yana yi. Geron kuwa iri ne na gado, kuma shi ne na ƙarshe a rumbu.

Ranar da zai fita da shi, Hassana ta so ta hana. A jami'a ta karanta gargaɗin wata masaniyar yanayi, cewa igiyar ruwan da ke kewaya teku tana rasa ƙarfi, in ta raunana kuwa damina na iya ja da baya daga ƙasar nan. Ta faɗa masa a hankali, idonta a kan tabarma.

Ya yi dariya. "Ke ɗiyata, mi ya gama teku da Lahodu? Ko gulbin Rima bai san gonag ga ba."

Kunya ta hana ta maimaitawa. Bayan binnen, yayyafi ya sauka sau ɗaya, daga nan sama ta washe.

Yau ga shi durƙushe, yana tona rami da yatsa. Tsiron ya fito, ya bushe kamar zare. Ya tona na biyu, ya tona na uku.

"Baba, mu koma gida, rana ta yi."

Ya daɗe yana dubanta, kamar mai shirin tambaya. Sai ya kakkaɓe gwiwoyinsa, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya bi hanyar gari.