Jirgin Feshin Fara na Malam Abarshi

Tahiru malamin lakol ne, wato makarantar boko, a Gure, amma duk wanda ya san shi ya san zuciyarsa tana cikin ordinatar, wato kwamfuta. Akwai wani wasa da ake tuƙa jirgin sama a cikinta, shi kuwa aikinsa yi wa jiragen riga: ya zana fenti, ya jera ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, ya sa farin ƙarfe ya riƙa ɗaukar ido, sannan ya ɗora a intanet wasu can su sauke. Matarsa Balkisa har ta gaji da yi masa tsiya, wai babba da shi yana fentin abin da hannu ba ya taɓawa.

Ranar da suka dawo daga asibitin Damagaram abin ya daina zama wasa. Likita ya ce mahaifinsa, Malam Abarshi, hawan jinin ido ke damunsa. Na hagu ya riga ya tafi, na dama ma da wuya ya kai kaka. Suna tafe a mota har suka wuce Gidigir. A nan tsohon ya ce shi abu ɗaya yake so ya sake gani: ƙaramin jirgin feshin fara da ya yi shekara tara yana wankewa yana gogewa tun yana saurayi. Jirgin kuwa an daɗe da kwance shi, ko hotonsa babu.

Kwana goma Tahiru ya yi a kai. Ya fito da jirgi yana walƙiya kamar madubi, ya kai wa tsoho yana ji da kansa. Malam Abarshi ya matso da idon dama har hancinsa na taɓa gilashin ordinatar, sai ya ja tsaki. Ya ce wannan bai taɓa sauka a rairayi ba. Nasu, in ji shi, yashi ya cinye masa gaban fiffike har ya dusashe, maganin fara kuma ya bar masa rawayan zane a ƙarƙashin ciki. Man goge ƙarfe ba ya zuwa, da toka da lemun tsami yake goge shi yadda ake wanke tukunyar dalma, hannu na kewayawa, shi ya sa in rana ta buge shi sai ka ga zobe-zobe a jikinsa.

Tahiru ya ari tukunyar Balkisa, ya goge ta da toka, ya ɗauki hotonta a rana, ya shimfiɗa a jikin jirgin. Daga nan ne ya yi wauta, irin wadda gwanaye kaɗai ke yi. Ya ƙi sake nuna wa tsoho sai ya kammala tsaf. Balkisa ta yi ta roƙonsa ya kai masa haka nan, don idon kullum ƙara rufewa yake. Ina! Yau saura ƙusoshin wutsiya, gobe saura inuwar tagar matuƙi. Tsoro ne ya cika shi, kada tsoho ya sake jan tsaki. Da haka mako ya zama wata biyu.

Ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ɗauki ordinatar zuwa zauren mahaifinsa. Wuta ta ɗauke tun safe, batirin kuma ya tsufa. Ya buɗe, jirgin ya fito a tsaye a kan rairayi, wallahi kamar ka hau. Ya ɗora wa tsoho a cinya. Malam Abarshi na sunkuyowa, gilashin ya yi baƙi ƙirin, na'urar ta mutu.

Tahiru ya buɗe baki zai ba da haƙuri, tsoho ya riga shi.

"Yauwa," in ji Malam Abarshi, fuskarsa dab da baƙin gilashin. "Yanzu ka samo shi. Shi ne wannan."

Gaban Tahiru ya faɗi. Sai yanzu ya gane idon daman ma ya tafi. Tsoho ya daɗe yana kallo yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Juya min shi, in ga ɗaya gefen."

Tahiru ya sa yatsa ya danna maɓallin matacciyar na'urar.

"Ga shi nan, Baba."